Lamiri 12 na Larabci, 7 na Turanci

Da aka ba ajinmu na ƙarshe shafi a littafin bana, mun zauna mun yi shawara a kan abin da za mu bar wa ƙannenmu. Muka tsaya a kan ƙananan kalmomin nan na Turanci da ake kira wakilin suna, waɗanda a darasin nahawu muka sani da lamiri. Ƙanana ne, amma su ke fara tona asirin mutum da ya buɗe baki ko ya ɗauki biro.

A nan Kumasi mun sha ji, a Aboabo da Asawase har cikin trotro, wai ɗan makaranta ba ya iya Turanci, Larabci ya cika masa kai. To, a yi lissafi mana. Wanda ya haddace Ajurrumiyya ya san lamirai 12 da jimla kan fara da su: ana, nahnu, anta, anti, antuma, antum, antunna, huwa, hiya, huma, hum, hunna. Hausa tana da 8: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Turanci kuwa 7 kacal: "I, you, he, she, it, we, they". Wanda ya saba ɗaukar buhu, mudu zai ba shi tsoro?

Mu fara da "he" da "she". A yaren Twi kalma ɗaya ce, ɔno, ga namiji da mace. A Hausarmu ta zongo ma za ka ji an ce "yarinya ya zo", ba wanda zai juyo. Shi ya sa kalmomin biyu suke cakuɗewa a bakin mutane da yawa. Abin ba wasa ba ne fa, domin mu ake aikawa mu raka kakanninmu asibiti mu yi musu tafinta. Idan Hajiya ce ba ta ci abinci ba kwana biyu, mai tafinta ya ce "he", sai nas ta tsaya tana neman wani tsoho da bai zo ba. Dabararmu mai sauƙi ce: kafin ka furta, tambayi kanka, huwa ne ko hiya? Malaminmu na nahawu bai taɓa barin wani ya haɗa su ba, wannan horon kuma yana aiki a Turanci.

Sai "it". A nan Larabci da Hausa ba za su agaza ba, domin duk abin da ke duniya a wurinsu ko namiji ne ko mace. Rana mace ce, wata namiji, haka ma shamsu da ƙamaru. Bature kuwa duka biyun "it" yake ce musu. Mai taimakonmu a nan shi ne Twi ɗin da muke ciniki da shi a Kejetia, domin ya raba ɔno na mutum da ɛno na kaya. Kun ga kowane harshe da muke ɗauke da shi ya kawo nasa gudummawar.

Batun "I" da "me" kuwa, fa'ili ne da maf'uli, ba wani sabon abu ba. Mai aikatawa "I, he, she, we, they". Wanda aikin ya faɗa wa "me, him, her, us, them". Bayan ƙananan kalmomi irin su "to, for, with, between", waɗanda suke kamar harafin jarri, jeri na biyun ake sawa. Saboda haka "Amina and I went to the market" daidai ne, "Malam called Amina and me" ma daidai ne. In ka rikice, cire Amina daga jimlar ka saurari abin da ya rage.

Wanda ya fi yi mana nauyi a baki shi ne "you". Mu da aka rena mu ce wa babba "kun kwana lafiya, Baba", sai ga kalma ɗaya tak ga liman da jariri, ga mutum ɗaya da taro. Larabci yana da guda 5 a wannan gurbi. Hankalinmu ya kwanta da muka koyi cewa a da Turawan Ingila suna da "thou" na mutum ɗaya, "you" kuma na jama'a ne da na girmamawa, daidai da "ku" ɗinmu. A hankali "thou" ya fita daga maganar yau da kullum. Shi ya sa har yau "you are" ake cewa ko da mutum ɗaya ne. Ashe duk wanda ka ce wa "you", ka riga ka ce masa "ku".

Na ƙarshe shi ne tambayar da ake mana kullum wajen i'irabi: lamirin nan ina ya koma? Dubi wannan: "Musa told Issah that his father was calling him." Uban wa? Wa ake kira? Irin wannan a saƙon waya kan sa a aika kuɗi inda bai kamata ba, a takardar jarrabawa kuma maki ne ke zuba. In lamiri zai iya komawa ga mutum biyu, a maimaita sunan, ba kunya a ciki.

Ƙannenmu, wanda yake son shiga jami'a a Gana sai ya sami aƙalla C6 a Turanci a jarrabawar WASSCE, kuma mai duba takarda bai san daga wace makaranta ka fito ba, jimlarka kawai yake gani. Ku raba shafi ɗaya na littafinku gida huɗu, Larabci da Hausa da Twi da Turanci, ku jera lamiran kusa da juna, ku riƙa bitar su kamar yadda kuke bitar sarfu.