Wayar ƙungiya ma akwati ce

Ni ce mai riƙe da littafin ƙungiyarmu ta asusu a nan Icirnawa, shekara shida ke nan. Yau maganar waya nake so mu yi, don na lura muna lallaɓa akwati kamar ƙwai a cokali, amma wayar da kuɗinmu ke bi ta cikinta mun bar ta sakaka.

Kowaccenmu ta san ƙa'idar akwati: kwado uku, mabuɗi uku a hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi kowa ta ji. Wannan tsari na Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya soma a shekarar 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Kwadon nan uku suna tsare kuɗi, suna kuma tsare mutuncin mai ajiya, tunda ba mai cewa ita kaɗai ta buɗe.

To yanzu fa? Wadda ta tafi ci-rani Agadas ko Aljeriya ta waya take turo zubinta. Sunayenmu, lambobinmu, hotunan katinmu na ɗan ƙasa, duk suna cikin wayar ma'ajiya. Wayar nan kuwa tana yini a shagon mai caji, da dare jikoki suna kallon fim da ita.

Bara da kaka wani ya kira ma'ajiyarmu, ya ce daga wata ƙungiyar agaji yake, an zaɓe mu za a ba mu tallafi. Wai za a turo mata lamba shida, ta karanta masa. Sai ta ce, "Ɗana, ni ba na buɗe komai ni kaɗai, ka bari sai ranar taro." Nan take ya kashe, bai sake kira ba. Ɗiyata da ke karatu a Matameye ce ta duba saƙon ta ce, "Inna, ai lambar shiga WhatsApp ɗinki ce." Da ta ba shi, da ya karɓe shi ya riƙa roƙon kuɗi wurin mambobi da sunanta, da hotonta.

Tun daga ranar muka zauna muka sa wa waya kwadonta. Na farko, mai riƙe waya daban, mai lambar sirrin kuɗi daban, sai sun haɗu a taro ake cirewa ko turawa. Lambar kuwa ba 1234 ba, ba 0000 ba, ba shekarar haihuwa ba. In an je shagon cire kuɗi, da hannunki za ki danna ta, ba a faɗa wa mai shago ko da ɗan ɗakinku ne. In aka canza ma'ajiya, ranar nan ake canza lamba.

Na biyu, wayar kanta tana da makulli, kuma a kashe ake kai ta caji. A WhatsApp mun kunna tsaro mai mataki biyu, wato wata lambar sirri ta daban da ɓarawo zai nema ya rasa. Hoton katin mace, da zarar an gama aikin da ya sa aka ɗauka, a goge. Saƙon da ya ce ki danna nan ki karɓi kyauta, ba ma dannawa, ba ma tura wa wata.

Na uku, littafi yana nan daram. Duk taro ana karanta abin da ke cikin waya da ƙarfi, kamar yadda ake ƙirga na akwati, ni kuma in rubuta. In wani ya kira yana kuka wai ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, sai mun duba asusun da kanmu, don saƙon rubutu kowa na iya ƙirƙira shi.

Idan waya ta ɓata, kada a kwana. Wadda aka yi rajistar layin da sunanta ta ɗauki katinta ta je ofishin kamfanin a rufe layin, shi ya sa ya kamata kowa ta san sunan wa ke kansa. In kuma an riga an cuce ku, ku kai ƙara wurin jandarmomi. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, ɓoyewa don kunya kuwa ɓarawo kaɗai take amfana.

A taronku na gaba, kafin a buɗe akwati, ku ajiye wayar a tsakiyar tabarma ku tambayi juna: mutum nawa suka san lambarta? Allah ya tsare mana guminmu, amin.