Ɗan Masunci da Ɗan Mai Gadi

Ina saurayi na fara kallon fim ɗin Kwaw Ansah mai suna Love Brewed in the African Pot, wanda ya ci kyautar Oumarou Ganda a bikin FESPACO na Wagadugu a 1981. Labarin Aba Appiah ne, 'yar boko, wadda ta kamu da son Joe Quansah, makanike ɗan masunci. Ubanta, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce atafau lauya za ta aura. A ganinsa mai baƙin mai a hannu bai isa ya zama surukinsa ba.

Ran nan na tsine wa wannan uba, kuma ina da dalili. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gadi ya yi a Kumasi har ya tsufa. Da finafinan bidiyo suka yawaita a ƙasar nan, sau da yawa idan aka nuno ɗan Arewa ko ɗan zango, to, mai gadi ne: ga sanda, ga gyangyaɗi a bakin ƙofa, ga Turanci a karye. Shi ne abin dariya. Aikinsa ya buɗe wa masoya ƙofa, ba a taɓa cewa shi yarinyar take so ba. Jama'a na ƙyalƙyala dariya, ni kuwa fuskar mahaifina nake gani.

To, bara 'yata, wadda ta gama karatun jinya, ta ce tana da manemi. Makanike ne a Suame Magazine, Bafrafre daga Bolgatanga, Musulmi. Ban tambayi sallarsa ba, ban tambayi halinsa ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ɗan wa ne? Duk samarin zangon nan ki rasa sai Bafrafre mai gyaran mota?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ka gan shi tukuna." Da dare uwarta ta dube ni ta ce, "Malam, yau kai ne Appiah ke nan?"

Wallahi ban runtsa ba. Ashe gaskiyar Hausawa ce, laifi tudu ne. Raini iri ɗaya da aka yi wa mahaifina shi na ɗauka na ɗora wa ɗan wani, ban ko ji nauyinsa ba.

Da gari ya waye na tura ƙanena ya bincika abin da ya kamata a bincika: addini, sana'a, da zama da mutane. Ya dawo da shaida mai kyau. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure.

'Yan'uwa, muna da haƙƙin yin kuka da yadda ake nuna mu a finafinai, kuma kada mu daina. Amma kafin mu kai ƙara waje, mu saurari abin da muke faɗa a zaurukanmu idan baƙo ya zo neman aure. Allah ya sa mu gyara, amin.