Jirin da Ya Zo Tare da Maganin Sankarar Mama

Bayan an yi mini aiki a mama, na gama kemo da gashi, likita ya ɗora ni a kan letrozole, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5. Ya ce irin sankarar da ta kama ni da sinadarin istirojin take girma, maganin kuwa yana hana jikin macen da al'adarta ta ɗauke samar da shi. Wadda al'adarta ba ta ɗauke ba, galibi tamoxifen ake ba ta. An gaya mini zan sha ciwon gaɓoɓi da gumin dare. Jiri yana cikin takardar da ke cikin kwalin maganin, amma babu wanda ya ambata mini shi da baki.

A sujada ya fara kama ni. Ina kai goshi ƙasa sai ɗakin ya juya, zuciyata ta tashi, kafin minti ɗaya ya lafa. Haka idan na juya dama a kan gado. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki ajiye maganin nan, ai an riga an cire ciwon." Wata gwaggona ta ce iska ce. Ba na ganin laifinsu, ƙauna ce ta sa su magana, amma irin wannan shawara ce ke sa mata su daina sha a ɓoye, alhali ƙwayar ita ce ke rage yiwuwar dawowar ciwon. Asibiti na koma.

Tambayoyin likitan su ne suka koya mini abin da na fi riƙewa. "Hajiya, ɗakin ne ke juyawa, ko duhu kike gani? Da juya kai yake zuwa, ko da miƙewa tsaye? Tafin ƙafarki yana jin ƙasa sosai?" Ashe kowace amsa hanyarta daban. Ganin duhu da an miƙe yakan nuna jini ne ya sauka, ko jiki ba ruwa, ko ƙarancin jini. Tangaɗi a tafiya, musamman cikin duhu, yana iya fitowa daga jijiyoyin ƙafa da kemo irin su paclitaxel ya taɓa. Juyawar ɗaki idan an motsa kai kuwa daga can cikin kunne take: akwai wasu 'yan ƙananan duwatsu na kalsiyam da ke taimaka wa mutum sanin sama da ƙasa, idan suka zame suka faɗa inda bai kamata ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana juyi.

Biyu ne suka haɗu mini, kunne da ƙafa. Likitan kunne ya kwantar da ni, ya riƙa juya kaina daki-daki, dabarar da ake kira da sunan John Epley, likitan Amurka da ya fito da ita. Ba allura, ba ƙwaya. Jirin sujada ya tafi. Na ƙafa bai tafi ba, sai dai na koyi zama da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar ƙashi. Letrozole yana rage ƙarfinsa, shi ma jirin kunnen ya fi yawa ga matan da al'ada ta ɗauke musu da masu raunin ƙashi. Faɗuwar da yarinya za ta tashi ta kakkaɓe zani, ni tana iya karya mini ƙugu. Saboda haka aka auna ƙashina, aka ba ni kalsiyam da bitamin D. Na sa kujera a banɗaki, na bar silifas, ina barin fitila a kunne da dare, in na farka sai na zauna bakin gado kafin in miƙe. Ranar da jiki ya ƙi, a zaune nake sallah, kuma addini ya yi wannan rangwame. Lokacin zafi da azumi ina kula da ruwa sosai.

Akwai jirin da ba a kwana da shi a gida. Idan ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko ganin abu biyu-biyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, a nufi asibiti nan take. Tamoxifen yana ƙara haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki, sannan sankarar kanta takan kai ƙwaƙwalwa, dole likita ya duba.

A layin ganin likita na haɗu da wata baiwar Allah da jiri ya hana ta ko girki. Nata ba na kunne ba ne, don haka aka sauya mata ƙwayar zuwa exemestane, ta samu sauƙi, har yanzu tana sha. Ni ina nan kan letrozole, kuma duk ranar asibiti nakan je da bayanin lokacin da jirin ya zo da abin da nake yi sa'ad da ya zo.