Tubalin Dandaji da bulon Ƙofar Durbi

Gidanmu na Ƙofar Durbi a Katsina soro ne da, na tubali da azara, an yaɓe shi da makuba. Da kuɗi suka ɗan shigo sai aka rushe shi, aka tayar da na bulo, aka rufa kwano. Tun daga lokacin, in bazara ta yi, a tsakar gida muke kwana, ɗaki ba ya shiguwa. Wannan gida ne ya faɗo mini a rai da na zo Nijar aiki, na ga gine-ginen mai zanen gini Mariam Issoufou.

Kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikinta, sannan ta koma Jami'ar Washington ta koyi zanen gini. A 2014 ta buɗe ofis a Yamai, ta sa masa suna na Hausa, Masomi. Ita da wasu abokan aiki uku suka gina rukunin gidajen Niamey 2000 da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, ba a gasa shi, siminti kaɗan ake zuba masa.

Amma Dandaji, a jihar Tawa, ta fi tsaya mini a rai. Can ita da Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka tarar da tsohon masallacin ƙasa na Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ba su taɓa shi da diga ba. Gyara shi suka yi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018. Kuma magina na gargajiya suka kira, aka yi aikin kafaɗa da kafaɗa, kowa na koya daga kowa.

A nan bambancin yake. Mu ma muna da hasumiyar Gobarau, muna da ginin Kwalejin Katsina, Zariya na da masallacin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Sai dai mai zanen gini a wajenmu ɗan kwangila ya sani, bai san ƙofar gidan magini ba, kuma ginin ƙasa sunansa talauci. Maginin da ya ɗaura rufin soronmu ya rasu, 'ya'yansa duka bulo suke bugawa. Wannan yana ci mini rai.