Yadda muka yi wata huɗu muna neman kilarinet mai sautin C

 Da yawa sun tambaye mu abin da ya sa kuɗin da aka tara wa yaranmu masu koyon kiɗa ya daɗe a hannun ma'aji ba a sayi komai ba. Har mun ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Ga abin da ya faru.

Dattijon da ke koyar da yaran ranar Asabar, wanda kowa ke kira Baba Saje saboda ya yi aiki a bangaren badujala kafin ya yi ritaya, shi ya ce a sayi kilarinet, kuma ya nanata cewa mai sautin C yake so. Mu da ba mu san busa ba muka ɗauka duk ɗaya ne. Ashe wadda ta cika shaguna ita ce mai B-filat. Idan ka busa abin da aka rubuta C a takarda, ita sautin da za ta fitar yana ƙasa da taki guda. Littattafan da aka ba mu kyauta kuwa duk na fiyano ne da sarewa. Ke nan sai Baba ya zauna ya sake rubuta kowace waƙa da hannu, ga idonsa ya yi rauni. Mai C kuwa abin da ke takarda shi take faɗa, yaro ya tsaya kusa da mai kibod su karanta shafi ɗaya. Ta kuma fi gajarta, yarinyar da ta fi ƙwazo a ajin shekararta 11, yatsunta ba sa rufe ramukan babbar.

An yi gardama a taro, kuma masu adawa suna da gaskiyarsu. Yawancin littattafan koyon kilarinet da waƙoƙin badujala na B-filat ne, duk yaron da ya yi nisa dole wata rana ya koma can. Aka kaɗa ƙuri'a, Baba ya yi rinjaye da ƙyar.

Mun zaga Alaba har sau biyu. Kilarinet tuli, amma mai C ko ɗaya. Sai muka koma intanet, kuma a nan ne muka kusa zubar da kuɗin jama'a. Mun ga wata tsohuwa ta katako, baƙa wuluk, farashi mai sauƙi, mai ita yana ta gaggauta mu wai wasu na jira. Har ma'aji ya buɗe manhajar banki. Allah ya sa muka tura wa Baba hotunan. Ya sa jikansa ya faɗaɗa hoto, sai ga haruffa biyu a jikinta: HP.

Ya yi mana bayani. A da ba a daidaita tsayin sauti a duniya ba. Yau ana ɗaure kayan kiɗa a kan A mai 440, amma tsofaffin da aka buga wa HP an ƙera su ne a kan sama da 450. Ba za ta taɓa shiri da kibod ɗinmu ba, kuma ba gyara, domin tazarar ramukan ce aka huda haka. Wadda aka buga wa LP ita ce ke tafiya da kayan yau. Bayan haka maɓallanta tsarin Albert ne, yaranmu kuwa tsarin Boehm suke koya, mai maɓallai 17 da zobba 6. Da mun biya, da mun sayi kayan ado na bango.

Daga nan muka nutsu muka yi tambaya. Kamfanin Buffet Crampon na Faransa yana yin mai C, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Akwai Ridenour na Amurka da ke yin ta da roba mai tauri, wadda ba ta tsagewa. Akwai Clarinéo ta yara, ta leda, mara nauyi, amma Baba ya ce yana son wadda maɓallanta suka cika. Akwai kuma masu araha marasa suna. Wani ya kawo mana ɗaya mu gwada, tana sheƙi kamar sabuwar mota. Baba ya ɗora waya mai manhajar auna sauti a kan tebur, ya bi sautukan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa sun faɗi, na sama sun haura. Ya mayar da ita akwati bai ce uffan ba.

Wadda muka saya a Ibadan muka same ta, hannun wani tsohon mabushi da ya daina saboda haƙora. Amati ce, ƙirar ƙasar Cek. Mu uku muka raka Baba. Ya raba ta gaɓa-gaɓa, ya haska fitilar waya cikin kowace yana neman tsaga, ya toshe gindin gaɓa da tafin hannu ya tsotsa ya ji ko iska na zurarewa. Fatu uku na maɓallai sun mutu, toton mahaɗa ɗaya ya saki. Ya busa kusan minti arba'in kafin ya yarda a yi ciniki, wai sai katako ya ɗumama yake faɗin gaskiya. Sauti ɗaya na can ƙasa yana ɗan faɗuwa, ya ce wannan leɓe zai gyara. Mai ita ya rage mana kuɗin gyaran, ya haɗa da bakin busar da ya saba amfani da shi, abin da Baba ya dage a kai, don ba kowane baki ke dacewa da mai C ba.

Katakon irin baƙin icen nan ne na Tanzaniya da Mozambik, kuma ba ya son sauyin yanayi na farat ɗaya. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa ba wanda zai ɗauke ta zuwa gida Arewa lokacin hunturu, komai bikin da ake yi. A goge cikinta bayan kowace busa, kada a bar ta a mota cikin rana. Tana kwana a ofishin ƙungiya, makulli na wurin sakatare.

Rasit da ragowar kuɗi za a karanta su a taron ƙarshen wata. Yarinyar za ta busa waƙa biyu kafin a fara, don haka a daure a zo da wuri.