An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Babu unguwar da za ka shiga a Kano yau, daga Kurna zuwa Ɗorayi, daga Hotoro zuwa Sheka, ka tambayi dattawan ƙofar masallaci abin da ke hana su barci, ba su kawo maka maganar shaye-shayen yara ba. Wasu ma kafin su ambaci tsadar masara. Kusan kowace unguwa ta kafa kwamiti, ta ɗauki 'yan sintiri, ta yi karo-karon kuɗin tocila da usur. Ni ma ina zama a irin wannan kwamiti tun gemuna da sauran baƙi, kuma abin da idona ya gane mini shi ne, ƙarfinmu duk a kan yaron da ke sha yake ƙarewa. Wanda ya sayar masa kuwa, da shi muke haɗa kafaɗa a sahun gaba ranar Juma'a.

A zamanin ƙuruciyarmu maye yana da wurinsa da mutanensa. Giya tana Sabon Gari, burkutu yana bariki da wasu ƙauyuka. Mashayi babban mutum ne, ya san abin kunya yake yi, sai dare ya raba yake lallaɓowa gida yana taunar goro don ya kashe wari. Tabar wiwi, mu dai a wajen wasu da suka dawo daga yaƙin basasa, bayan 1970, muka fara jin warinta. Daga baya yaran tasha suka gano cewa sholishon da masu facin taya ke aiki da shi, in an zuba a tsumma an shaƙa, yana ɗauke hankali. Da acaɓa ta cika gari sai ga gadagi, shayin nan da ake cewa yana hana gajiya. Amma duk waɗannan masu tona asirin mai su ne: ko wari, ko jan ido, ko tangaɗi. Uwa tana ganewa tun daga zaure. Maƙwabci ma yana ganewa, kuma a lokacin yana da ikon ya tsinka wa ɗanka mari, kai kuma ka bi shi har gida da godiya.

Abin ya kuɓuce mana ne ranar da maye ya shigo cikin kwalin magani. Kodin maganin tari ne, zaƙi gare shi, ba ya wari, ana juye shi a robar lemo a sha a gaban kowa. Tiramol 'yar ƙwaya ce da likita ke ba wanda ya karye ko aka yi wa tiyata, kuma na asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, galibi daga Indiya, har mai 225 da 250 ake samu. Lebura da ɗan adaidaita sahu suka mai da shi abin karya kumallo, don a yi aikin mutum biyu ba a ji a jika ba, har ranar da za a ga saurayi ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce. Sai roci, sai eksol, sai wasu da sunayensu ke sauyawa kafin tsoho ya haddace. Ta wannan ƙofa abin ya shiga cikin gida, har ɗakin amare da na 'yan mata masu hijabi har ƙasa, inda ɗan sintiri bai isa ya leƙa ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa wani kayan maye a cikin shekara ɗaya kafin binciken, ba a ma sa giya da taba a lissafin ba. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Da aka karanta mana wannan a taro, wasu dattawa sun ce ƙaryar Turawa ce, matanmu ba sa haka. Malamar Islamiyyar matan aure da ke unguwarmu, da labarin ya je mata, dariya kawai ta yi.

Gwamnati ta yi nata, ba zan ce ba ta yi ba. Hukumar NDLEA tun 1989 take, kuma tun da Buba Marwa ya karɓe ta a 2021 ana jin kame a kai a kai. Hisba, wadda dokar 2003 ta tsayar a Kano, takan tara dubban kwalaben giya katafila ta bi ta kansu a gaban 'yan jarida. Ba ni da ja da wannan. Sai dai ɗan shekara 14 da ke bayan makarantar firamaren unguwarmu bai taɓa riƙe waccan babbar kwalba ba. In ma giyar ce, ta leda yake saye, 'yar ƙarama mai zafi da ake sayarwa a tasha da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ya cusa a aljihun wandon makaranta. Ita ce NAFDAC ta ce ta haramta a farkon 2024, tare da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba, bayan ta ba kamfanoni wa'adin shekara biyar, kamfanonin kuma suka ta da ƙura da sunan ma'aikata za su rasa abinci. Kodin kuwa sai da BBC ta nuna wa duniya fim a kansa a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Mun yi murna. Kwalba ta yi tsada, masu kuɗi suka ci gaba da samu, marasa kuɗi suka koma ƙwaya. Haka a 2024 aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro domin a san abin da ke shiga da fita. Babban aiki ne, amma ba a Dangwauro yaronmu ke saye ba. A lungu yake saye, a hannun wanda ya san sunan uwarsa.

Mu kuma a unguwa, makaminmu na farko bulala ce. A kama yaro a kango, a aske masa kai, a zane shi a ƙofar mai unguwa, yara suna ihu. Ya yi kwana biyu bai fito ba, na uku ya sauya kango. In iyaye suka gaji sai a ɗauke shi a kai gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu bayansu duk tabo, kuma kafin wata ya zagayo aka sami irinsa a Daura da Katsina. Mutane suka yi ta salati kamar ba su sani ba. To wa ya kai su? Iyayensu ne, da kuɗinsu, wasu har da sayar da akuya. Ba ƙiyayya ce ta kai su ba, rashin sanin inda za a dosa ne, da tunanin cewa shaye-shaye taurin kai ne zalla wanda duka zai fitar.

A nan ne tsufa ya nuna mini abin da ƙuruciya ba ta nuna mini ba. Yaron da jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, ranar da ya rasa, ciwo yake yi na gaske: gaɓoɓi suna sara, gumi, gudawa, hamma, ga barci ya ƙaurace. Ka ɗaure shi wata shida, jikin zai huce, amma abin da ya tura shi yana nan yana jiransa a bakin ƙofa, ga kuma ƙullin abin da aka yi masa. Akwai asibitin Dawanau a nan Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, NDLEA ma tana da masu ba da shawara. Ba su isa ba, kuma magani da kuɗi. Amma abin da ya fi kuɗin hana mutane zuwa shi ne suna. In aka ji an kai ɗanka Dawanau, an gama, mahaukaci ne. In 'ya ce, aurenta da na ƙannenta ya shiga wani hali. Wata uwa ta taɓa tare ni a soro tana hawaye, ta ce, "Baba, don Allah ku taimake ni a kan yaron nan, amma kada mahaifinsa ya ji, kada kuma a faɗa a masallaci." Shekara guda tana ɓoye shi a ɗaki tana ce wa maƙwabta shawara ce ke damunsa.

Nakan tuna wa abokan zamana cewa ita kanta giya ba dare ɗaya aka haramta ta ba. A Suratul Baƙara aka fara nuna cewa cutarta ta rinjayi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida aka yanke ta gaba ɗaya. Mutanen da aka bi da su a hankali haka sahabbai ne. Mu kuma muna so ɗan shekara 17 da bai gama sakandare ba ya bari tsakanin Magariba da Isha saboda mun ɗaga murya.

Abubuwan da na ga sun yi aiki ƙanana ne, ba masu shiga rediyo ba. Kangon da aka bari shekara da shekaru, a nemo mai shi, ko ya gina ko ya toshe ƙofar da bulo. Fitila a lungun da ba ta. Limamin da zai sauko daga tsinuwa a kan mumbari ya kira yaro shi kaɗai bayan Asuba, ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya kuma yi shiru ya ji amsar. Mata su ne suka fi mu sani nesa ba kusa ba: ungozoma, mai kitso, dillaliya, malamar Islamiyya, su ne suka san amaryar da ke aiken almajiri kemis kullum da yamma. Mun daɗe muna taro babu mace ko ɗaya, muna mamakin yadda labari ke wuce mu. Da aka ba su nasu zaman, su da kansu suka riƙa raka 'yan mata asibiti a rufe, da sunan awo ko ciwon mara, babu wanda ya ji.

Sai sana'a, wadda ita ce gaba da komai. Mu da muka tashi lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke busa jiniya sau uku a rana, saurayi bai da lokacin zaman kango. Yanzu yawancinsu sun zama rumbun ajiya. Acaɓar da ta ɗebe wasu ma an hana ta a 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Don haka yaron da ya dawo daga magani, in ba a kama hannunsa an kai shi wajen wani oga a Ƙofar Ruwa, ko Kantin Kwari, ko kasuwar waya ta Farm Centre, ko garejin kanikawa ba, abokan jiya ne za su zo yi masa sannu da zuwa. Kuma ba a kai shi a juya baya. Dole wani dattijo ya tsaya masa, ya ce wa ogan, "Alhaji, in ya ɗauki wani abu ni zan biya," ya kuma riƙa leƙawa. Wasu sun koma ruwa, an sake ɗauko su. Wasu yau da 'ya'yansu.

Duk wannan wahala kuwa kakar zaɓe ɗaya tana iya rushe ta. Mota za ta tsaya a bakin layi da dare, a sauke riguna masu hoton ɗan takara, da gora, da abin da za a haɗiya don ido ya rufe. Sunan yaran da ake ba ne kawai ke bambanta, 'yan daba ko 'yan jagaliya a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, amma mai ba su ɗaya ne, kuma 'ya'yansa suna karatu a Masar ko Ingila. Bayan an rantsar da shi, shi ne zai zo a matsayin babban baƙo a taron yaƙi da shaye-shaye, mu kuma mu tashi tsaye mu tafa.

Wani yaro da 'yan sintiri suka kawo gabanmu ya faɗa mini maganar da har yau ban sami amsarta ba. Yana durƙushe, an riga an fasa masa leɓe, ya ɗago ya ce, "Baba, ni kuka iya kamawa. Wanda ya ba ni kun san shi, da azumi buhun shinkafarsa kuka raba a masallaci." Babu wanda ya tanka a cikinmu, sai wani ya daka masa tsawa wai ba shi da kunya.

Gaskiya ya faɗa. Mun san kemis ɗin da ba shi da lasisi, wanda ke rufe ƙofar gaba ƙarfe goma ya buɗe taga ta baya. Mun san mai shayin da ba shayi kaɗai yake sayarwa ba. Mun san mai gidan da ya ba su haya, ya ninka kuɗin saboda ya san cinikin da ake yi. Abin da ke ɗaure mana baki shi ne wannan surukin wane ne, wancan shi ya saya wa masallaci janareta, wancan kuma in ka kai ƙararsa da safe, da yamma zai riga ka dawowa unguwa, ya kuma san wanda ya kai shi. Tsoron nan ba na banza ba ne, an sha sassara masu kai rahoto. Shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Inda na ga an yi nasara, takarda ɗaya aka rubuta, mai unguwa ya sa hannu, limamai suka sa, magidanta suka jera sunayensu har ba a san wa za a ware ba, aka kai wa dagaci da hakimi, aka kai ofishin NDLEA da na hukumar da ke ba masu kemis lasisi. Kafin nan kuma an je wa mai gidan hayar har zaurensa, dattawa cikin manyan riguna, aka gaisa, aka ce masa, "Alhaji, ba faɗa ya kawo mu ba. Shagon nan naka ne, yaran nan namu ne da kai. In wa'adin hayarsa ya cika, kada ka sabunta."

A namu kwamitin an kawo wannan shawara a zaman da ya wuce. Kowa ya yaba, aka yi addu'a. Da aka zo kan wanda zai fara sa hannu, sai ma'aji ya tuna cewa mai shagon ne ya yi alkawarin kuɗin gyaran rijiyar burtsatsen unguwa, kuma bai cika ba tukuna. Aka ɗage maganar zuwa bayan salla.