Muryar kakarka ba ta YouTube

 Hutu ya ƙarato, ga roƙona: in kun isa gida, ku nemi kwalin kaset-kaset ɗin nan da ke ƙarƙashin gadon tsofaffi.

Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da sauƙi, da yawansu suna YouTube. Na cikin gida nake ji: walimar sauka, kiɗan bikin iyayenmu, saƙon murya da ake aikowa zamanin da babu waya. Kwafi ɗaya ne tak, ga zafi na lalata zaren, danshi na sa masa fumfuna.

Wancan hutun na taho Ibadan da guda 14. A cikin ɗaya na ji kakata, Allah ya jiƙanta, tana jero sunayen kakanninmu har hawa biyar. Babana uku kawai ya sani. Da na tura masa, kira ya yi, ya kasa magana.

Aikin ba wuya wallahi. Rakoda na samu wurin wani mai gyaran rediyo a Sabo. Sai igiya mai kan 3.5mm gaba da baya, daga ramin iyafis na rakodar zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity, kyauta ce. In kwamfutarka rami ɗaya gare ta, sayi ɗan katin sauti na USB. Goge kan rakodar da auduga da sifirit, ka ɗame zaren da biro, ka fara gwaji da kaset marar muhimmanci don kada ta cinye mai daraja. Rage ƙara, kar ma'aunin ya taɓa ja. Sa batir, saboda ɗauke wuta.

Haƙuri kawai yake so. Kaset C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma haka za ka zauna har ya ƙare. Ajiye asalin a WAV, wajen 10MB duk minti, ka fitar da MP3 don WhatsApp. Kwafi biyu, wuri biyu. Kaset ɗin kuma kar a yar, kar a bar shi ya yi damina a nan.

Kafin ka watsa a zauren dangi, tambayi manya. Wani saƙon sirrin mutum biyu ne, don sun rasu ba ya zama namu.